Kwanon Ɗan Fari

Matameye, 12 ga Mayu

Zuwa ga Najma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar nauyin jikinki, da Zuhra da karatunta. Mu nan lafiya lau, sai zafi, sai ƙafata ta hagu da ke kumbura in na daɗe a tsaye. Ruwa bai sauka ba tukuna, amma maza sun fara gyaran gona.

Kin san ba na son maganar waya. Magana mai nauyi a takarda nake sa ta, don wanda aka faɗa wa ya karanta sau biyu, kuma kada gobe a ce ban faɗa ba. Kin kuma san mai gidanki ɗan fari ne a wurina. Ba na kama sunansa, ba na zaunar da shi in tambaye shi jikinsa. Haka muka tashi muka tarar, ban kuma ga dalilin sakewa ba. Shi ya sa ke nake rubuta wa.

Ƙanena Inusa ya dawo daga Yamai, ya ce kwana uku ya yi a gidanku. Ya ce a tasha sai da mai gidanki ya yi masa magana kafin ya gane shi, riga tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Ya ce da aka kawo abinci, shi baƙo an cika masa faranti da shinkafa da nama, mai gida kuwa aka kawo masa wani abu markaɗaɗɗe a farantin kofin shayi. Ya ce a gabansa kika ɗora abin a kan ma'auni kafin ki miƙa. Da ya kai hannu zai sha ruwa kika janye kofin, kika ce sai bayan rabin awa. Da safe kuma ya ga mutum yana ta tafiya a bakin titi, gumi sharkaf, ga mota a ajiye a ƙofar gida. Abin da Inusa ya ce da ni shi ne, "Yaya, kazar gidanki ta fi ɗanki cin abinci."

Najma, ni ban taɓa jin inda mace take auna wa mijinta abinci ba, balle a gaban baƙo. Ranar da aka kai ki gidansa, mutum ne wanda in ya shigo ɗaki kowa ya san an shigo. Ciyarwa a kansa take, dafawa a kanki, kuma kowa za a tambaye shi nasa ranar da babu mai ceton wani. In aikin ofishinki ne ya hana ki tsayawa a murhu, ki faɗa. In wani fushi ne a tsakaninku, ba a cikin kwano ake rama shi ba.

Na ba direban kar, motar da ke zuwa Yamai, saƙo: garin gero, kuka, daddawa, man shanu kwalba ɗaya, da dambun nama. Ki dama masa fura mai kauri, ki tuƙa masa tuwo irin na mutane. Ina jiran amsarki.

Hajiya Shekara

*

Yamai, 16 ga Mayu

Zuwa ga Hajiya,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya, jikina da nauyi amma alhamdu lillahi. Saƙo ya iso, mun gode, Allah ya saka. Zuhra ta kusa cinye dambun, sai da na ɓoye saura.

Hajiya, abin da Kawu Inusa ya gani gaskiya ne, bai ƙara komai ba. Amma wallahi babu fushi tsakaninmu, kuma ban bar murhu ba. Sau shida nake haɗa wa Baban Zuhra abinci a yini, kafin in tafi ofis da bayan na dawo. Ma'aunin nan ba ni na yanke shi ba, likita ce. Tafiyar ƙasa ma ita ta sa shi. Fura da tuwo ba zai iya ba yanzu, na ajiye garin sai lokacinsa.

Akwai maganar da ba tawa ba ce. Ya ce in bar masa ya faɗa miki da kansa, na kuma yi masa alkawari. Ki yi haƙuri da ni a kan wannan. Abin da zan iya cewa shi ne yana samun sauƙi, kullum yau ta fi jiya.

Ki gaida Kawu da mutanen gida.

Ƴarki, Najma

*

Matameye, 21 ga Mayu

Najma,

Bayan gaisuwa, takardarki ta zo. Ƙafa da sauƙi.

Kin ce yana samun sauƙi. Sauƙin me? Mai lafiya ba ya samun sauƙi. Ashe ciwo ne a gidan, kuna zaune a kansa ku biyu, ni ina nan ina aika kuka da daddawa kamar wawuya.

Na zauna na yi tunani. Watan jiya aka ce mini an tura shi Tunis koyon aiki. Ya dawo yana ramewa, ga likita a kansa, ga maganar da ba a faɗa. Ni na yi kwaleji har aji huɗu, na yi shekara ashirin ina buga takardu a ofis, ba a yi mini magana a dunƙule. Ciwon da ake ɓoye wa uwa iri biyu ne: wanda ake jin kunyarsa, da wanda ba a tashi. In na farko ne, to ya ji tsoron Allah, ke ma ki je a duba ki saboda abin da kike ɗauke da shi. In na biyu ne, da wane haƙƙi kuke hana ni in yi masa addu'a da sunan ciwon? Kwana huɗu ke nan ina ɗora tukunya ina saukewa, abinci bai wuce mini ba.

Alkawarin da kika yi masa bai fi haƙƙina ba. Ina ba ku zuwa Juma'a ta sama. In ban ga amsa a fili ba, zan tara kawunnansa in faɗa musu abin da ke raina, su shiga mota su zo su gani da idonsu.

Hajiya Shekara

*

Yamai, 25 ga Mayu

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina durƙuso da gaisuwa. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi, kuma kin koma cin abinci. Najma ta nuna mini takardunki biyu. Ba ta da laifi ko kaɗan, laifin nawa ne, kuma ba ɗaya daga cikin ciwon nan biyu da kika ambata.

Ba koyon aiki ya kai ni Tunis ba. Ƙarya na yi miki, ki gafarta mini. Tiyata aka yi mini ranar goma ga Afrilu. An cire mafi yawan tumbina, an bar kaɗan, don in rage ci, jiki ya sauka.

Hajiya, kilo ɗari da arba'in da bakwai nake kafin in tafi. Ina da ciwon sukari shekara biyar, ina da hawan jini, ban taɓa faɗa miki ba. Shekara biyu a kan kujera nake salla saboda gwiwa. A watan Janairu, da rana tsaka, barci ya ɗauke ni ina tuƙi, Zuhra tana bayan mota. Allah ya tsare, kwalbati na daka. Na gwada rage ci sau da yawa, in sauke kilo biyar in ɗauki takwas. Kin ga yadda Baba ya ƙare, sukari ya ci ƙafarsa kafin ya rasu yana da shekara hamsin da biyu. Ni yanzu arba'in da ɗaya nake. Na tambayi malami kafin in tafi, ya ce neman magani ne, babu laifi.

Sati biyu na farko ruwa-ruwa kawai na sha. Daga nan abu markaɗaɗɗe, shi Kawu ya tarar. Yanzu na fara cin mai laushi. Likita ta ce kada in wuce kalori ɗari bakwai zuwa ɗari takwas a yini a wannan watannin, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma yawancinsa ya zama ƙwai, kifi, wake da nono, don kada tsoka ta tafi tare da kitse. Tafiyar ƙasa minti arba'in kowace safiya, ita ma don haka ne. Nan gaba za a ƙara abincin a hankali. Yau kilo ɗari da talatin da ɗaya nake, an rage mini maganin sukari da rabi. Shekaranjiya na sa goshina a ƙasa a masallaci, na kuma tashi ba wanda ya kama ni.

Na ɓoye miki ne don na san za ki hana, ni kuma ba zan iya tsallake haninki ba.

Babbar Salla zan zo in sha Allahu, ni kaɗai. Najma ta shiga wata na takwas, hanya ta yi mata nisa.

Ɗanki, Zainulabideen

*

Matameye, 29 ga Mayu

Najma,

Ina gaishe ki da jiki. An yi ruwan farko shekaranjiya, wasu sun yi shuka, wasu suna jiran na biyu.

Ki gaya wa mai gidanki na ga takardarsa. Maganar sujada na ji, alhamdu lillahi. Zargin da na yi kuma na janye shi.

Sauran ban yarda da shi ba. Allah ya ba mutum ciki cikakke, amana ce, ba ƙyalle ba ne da za a kai wa tela ya rage. Mutanen Tsauni da Ɗan Barto suna neman geron da za su cika nasu kafin kaka, shi ya haye sahara a jirgi don a yanke nasa. In ci ne ya yi masa yawa, maganin ci an daɗe da saukar da shi: azumi da haƙuri. Wanda ya kasa riƙe bakinsa ya ba wuƙa ta riƙe masa, ban san sunan da zan ba wannan ba. Sannan ya haɗa da ƙarya.

Kada kuma a zo mini da kalori kamar baƙuwar kalma. A aji uku malamin kimiyya ya koya mana ita. Manomi mai riƙe da hauya dubu uku yake bukata. Ɗari bakwai abincin ɗan yaye ne. Likitar can ta auna da mutanenta masu cin burodi, ba ta san ƙashin mutumin Damagaram ba.

Yanzu ki saurara. Ban faɗa wa kowa maganar nan ba, ko Inusa. Ku ma kada ku faɗa. A danginmu ba a taɓa jin an yanke wa wani ciki saboda ci ba, ba kuma a kaina za a fara zancen a bakin rijiya ba. Wanda ya tambaya, zazzaɓi ya yi ya rame. In ya zo Salla zai zauna cikin kawunnansa ya ci kamar kowa. Kwana uku ne kawai, in ya koma sai ki ci gaba da awonki.

Hajiya Shekara

*

Yamai, 3 ga Yuni

Zuwa ga Hajiya,

Ina gaishe ki, barka da ruwa, Allah ya sa damina mai albarka. Wannan takarda a hannun Baban Zuhra na ba da ita, na ce ya miƙa miki da zarar ya sauka.

Hajiya, ba gardama zan yi da ke ba. Maganar ɓoyewa na bi, ban faɗa wa ko mahaifiyata ba. Roƙo ɗaya nake yi, don Allah ki karanta har ƙarshe.

Cikinsa yanzu bai fi ƙaramin kofin shayi ba, kuma ɗinkin bai cika wata biyu ba. Cokali shida ne cinsa a zama ɗaya, yana taunawa har ya zama ruwa, sau biyar ko shida a yini. Wannan ba ra'ayin likita ba ne da za a ɗaga masa ƙafa kwana uku, wurin ne babu. Ranar da ya ƙara cokali biyu a nan, awa ɗaya ya yi yana riƙe da ƙirji.

Zai iya cin dafaffen ƙwai, alala, nono marar sukari, da naman da ya dahu har yana rabuwa da kansa. Romon ragon ma zai sha, in an tsame kitsen. Gasasshen nama da soyayyen kayan ciki ba zai iya ba, haka tuwo mai tauri da lemon kwalba. Kada ya sha ruwa a kan abinci. Da safe zai fita tafiyarsa, a ƙyale shi.

Ni na san shi. Shekara goma sha biyu ina zuwa gidanki tare da shi, ban taɓa ganin ya bar loma a kwanon da kika zuba ba. Ni yana iya ce mini ya ƙoshi. Ke ba zai iya ba. Ko me kika sa a gabansa zai ci, ya san abin da zai biyo baya ko bai sani ba. Shi ya sa ban roƙe shi ba, ke nake roƙo. Ki zuba masa a ɗaki shi kaɗai, ki ce wa mutane bai gama warwarewa ba. Wannan ma ba ƙarya ba ce.

Allah ya kai mu Sallar lafiya.

Ƴarki, Najma

*

Matameye, 11 ga Yuni

Najma,

Barka da Salla, ya jiki? Na san Inusa ya kira ki a waya tun ranar, amma ina so ki ji yadda abin ya faru daga wurina.

Yau da safe Inusa ya dawo daga Damagaram. Aman ya tsaya tun shekaranjiya, ana yi masa ƙarin ruwa, sun ce jibi za su sallame shi ya kamo hanya. Ki kwantar da hankalinki saboda halin da kike ciki.

Tun da ya sauka gidan nan bakin mutane bai huta ba. Gwaggonsa ta kama salati a tsakar gida, tana cewa, "Shekara, wannan ɗan naki ne ko ƙanensa aka aiko?" Da safe ya fita tafiyar tasa ta hanyar Tsauni, masu babur uku suka tsaya, kowa yana tambaya ko mota ce ta mutu. Wani har gida ya biyo ni yana jaje. Ranar Salla ya sha romo, ya ce gajiyar hanya, aka ƙyale shi.

Kashegari, da aka sauke raguna daga wuta aka fara rabo, maza suka zauna a rumfa, kawunnansa huɗu da maƙwabta. Taubashiyarsa Jamilatu ta leƙo tana dariya ta ce, "Kai, rabinka fa? Ko madam ta ajiye shi a firij sai ka koma?" Ya ce, "Ke dai naki rabin ya isa mu biyu." Aka yi dariya. Ta ce, "To mu gani, in ba tsoron mata ya biyo ka har nan ba." Na aika da tuwon gero da miyar kuka da cinyar rago, kwanonsa dabam kamar yadda na saba. Ya ci. Bayan la'asar ya fara amai, daga baya aka ga jini. Asibitin nan suka ce a wuce da shi Damagaram, Inusa ya tafi da shi.

Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Ga zafi, ga doguwar hanya, ga jikin da aka riga aka taɓa da wuƙa. Shi kuma ba yaro ba ne, yana da baki, da ya ce ya ƙoshi ba wanda zai ɗura masa. Mutane nan suna cewa zazzaɓin ne ya dawo, na bar su a haka.

In ya iso ki sanar da ni.

Hajiya Shekara

*

Yamai, 28 ga Yuni

Zuwa ga Hajiya,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da jinkiri. Ni lafiya, ana jiran lokaci. Zuhra tana gaishe ki.

Ya iso tun sha huɗu ga wata. Likita ta mayar da shi kan ruwa-ruwa na sati biyu, kamar ranar da ya fito daga tiyata. Tafiyar minti arba'in ta koma zagayen tsakar gida, yana dafa bango. Sun ce wani wuri ne ya tsage kaɗan a saman cikin saboda ƙarfin aman. Sun ce da ɗinkin ne ya buɗe, da hanyar Damagaram ta yi masa nisa.

Ya hana ni in yi miki maganar. Ya ce shi ya ci da hannunsa. Zan bi, sai tambaya ɗaya da ta hana ni sakewa. Ya ce ya miƙa miki takardata ranar da ya sauka. Kin karanta ta kafin a zuba abincin, ko bayan? In bayan ne, ki faɗa mini, zuciyata ta huta kafin in haihu.

Najma

*

Matameye, 4 ga Yuli

Najma,

Ina gaishe ki da jiki, Allah ya sauke ki lafiya. Gero ya fito, ana noman farko. Ƙafa tana nan yadda take.

Kafin ne. Sau biyu na karanta ta, ranar da ya sauka da safiyar ranar da abin ya faru. Na so in rubuta miki abin da zai hutar da ke, amma ni na tsawata wa wani a kan ƙarya wata ɗaya da ya wuce.

Takardata ta baya ban yi ƙarya a cikinta ba, amma na bar abin da ya kamata in sa. Ga shi. Da safiyar ranar na dafa ƙwai biyu na rufe a ɗaki, niyyata in yi yadda kika ce. Da na ji Jamilatu, na ji dariyar maza, sai na fasa. Na ce a raina yau za su ga ɗana yana ci. Ni na zuba da hannuna, na zaɓi gefen cinyar da ya fi kitse.

Ina tsaye a bakin ƙofar madafa, ina hango shi ta tsakanin zana. A loma ta biyar ya tsaya. Na ga gumi ya karyo masa, na ga ya sa hannu a ƙirji ya sauke da sauri don kada a gani. Ya ɗago kai ya dubi ƙofar, ya san ina nan. Da na kaɗa masa kai sau ɗaya, da ya tsame hannunsa. Ban kaɗa ba. Na ba gwaggonsa ludayi na ce ta ƙara masa miya. Ya sunkuyar da kai ya cinye.

Kin ce ba zai iya ce mini ya ƙoshi ba. Gaskiya kika faɗa, amma ba ki san daga ina abin ya fito ba. Yana da shekara biyu aka kai shi yaye wurin kakarsa a Tsauni, bai dawo hannuna ba sai da ya isa shiga makaranta. Ƙannensa na goya su, na yi musu wasa, na kira su da sunansu a tsakar gida. Shi ban taɓa ba, ido yana kaina, ɗan fari ne. In ya yi na ɗaya a aji ba na cewa komai. In ya yi zazzaɓi gwaggonsa ke shafa kansa. Abu ɗaya ne ba wanda ya hana ni: in cika masa kwano. Na cika, ya cinye, na ƙara. Ni na san abin da nake faɗa masa da hakan, shi ma ya sani. Tun yana ɗan shekara bakwai muke yin wannan maganar. Da kika ce cokali shida, abin da na ji shi ne an rufe mini baki. Wannan ba uzuri ba ne. Na kusa kashe shi don kada a yi mini dariya a rumfa, kuma na san Wanda zai tambaye ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tara kawunnansa da gwaggonninsa, har Jamilatu. Na faɗa musu babu wani zazzaɓi. Na ce tiyata aka yi masa saboda sukari irin na ubansa, matarsa ta rubuto mini yadda za a yi, na karanta na take. Inusa ya ce, "Yaya, kika bar ni ina yawo da zancen kaza?" Jamilatu ta yi kuka. Gwaggonsa ba ta yi mini magana ba har yau. Zancen ya riga ya kai kasuwa, ya kai ɗin.

Kada ki ɗauka na yarda da yankan ciki. Ban yarda ba, kuma ƙaryar da ya yi mini tana nan. Amma an riga an yanke, kuma da wanda ya rage zai rayu.

Ga abin da na yanke. Kada ya zo Matameye sai likitarsa ta ce ya zo, ko da shekara ce. In zai zo, ku zo tare. Madafata ba wadda ta taɓa ɗora tukunya a cikinta ban da ni, to ranar ke za ki shiga, ke za ki dafa nasa, ke za ki zuba, ni ina waje. In kin haihu kuma ba zan zo suna ba, zan turo gwaggonsa in ta huce. Na san kaina, in na gan shi a rame hannuna zai kai ga ludayi.

Ban san yadda zan yi da shi ba in ya zauna a gabana babu kwano a tsakaninmu. Abu ɗaya na iya yi masa tun da na haife shi, kuma shi ne aka ce in daina.

Zan daina.

Hajiya Shekara